Wa Ya Nuna Rumbun Kwakwa?

Mutum uku ne kawai suka san inda Nanukuttan yake ɓoye ranar da aka kama shi, kuma shekara ashirin ya yi yana juya sunayensu a ransa.

Ɗan masu murza igiya ne daga ƙauyen Mankari, cikin fadamun Alappuzha. Tun yana ƙarami yake dukan ɓawon kwakwa tare da uwarsa, har tafin hannunsa ya zama kamar ƙirgi. Da ya girma ya shiga masaƙar igiya a cikin gari, a can ya fara jin maganar ƙungiyar ƙwadago. Karatunsa bai wuce aji huɗu ba, amma an ba shi murya. In ya hau kan ganga a ƙofar masaƙa ya fara magana, har masu gadi sukan manta da sandunansu su tsaya saurare. Yajin aiki biyu ya jagoranta, aka ci ɗaya aka faɗi ɗaya. Da Turawa suka tafi, sababbin masu mulki suka haramta jam'iyyar kwaminis, aka sa ladan rupi ɗari biyar ga duk wanda ya nuna inda yake.

Aliyar mai kwale-kwale ne ya ɗauko shi, a kwance ƙarƙashin tulin ɓawo, ya kai shi gidan wata budurwa mai murza igiya, Kamalakshi. Ita da kakarta ne kawai a gidan, tsohuwar kuwa ta rikice, ko jikarta ba ta ganewa. Aka sa shi a rumbun kwakwa da ke saman ɗakin girki. Na ukunsu shi ne Malam Sadanandan, malamin firamare, wanda ke zuwa duk ranar Lahadi da sunan koya wa Kamalakshi karatu, alhali wasiƙun jam'iyya ne a cikin littafinsa.

Kwana arba'in da ɗaya ya yi a rumbun. Ranar ta arba'in da biyu, da tsakar rana, yana cin rogo da kifi, ya ji takun takalma a tsakar gida. Ba su buɗe ɗaki ko ɗaya ba, ba su leƙa rijiya ba, ba su tambayi kowa ba. Kai tsaye suka nufi gindin tsani. Shugabansu, Sufeto Mathan, ya ɗaga kai ya ce, "Nanukuttan, sauko da kwanonka, ka ƙarasa a wurinmu."

Kwana goma sha ɗaya ya yi a hannun Mathan. A nan kunnensa na hagu ya mutu, a nan zazzaɓi ya kama shi har ya riƙa ganin uwarsa a jikin bango. A mako na biyu da kamun nasa aka kama mutum bakwai na jam'iyya a ƙauyuka uku. Da labarin ya iske shi a kurkuku sai ya ce a ransa, wanda ya sayar da ni bai ƙoshi ba ke nan. Shekara huɗu ya yi a ɗaure, ba abin da yake tunani kamar tsanin nan da yadda aka nufe shi ba ɓata.

Ranar da aka sake shi an ɗage haramcin jam'iyya. Aka tarye shi da jajayen tutoci, aka rataya masa furanni har suka rufe masa haɓa. Shi kuwa ta saman furannin yake duban mutanensa uku. Kamalakshi ta rasa haƙora biyu na gaba, dukan 'yan sanda ne. Malam Sadanandan ba a taɓa kama shi ba ko na yini ɗaya, har ma ya zama shugaban makaranta. Aliyar kuma yana da sabon kwale-kwale, babba, mai rumfa.

Ya bar kwana uku suka wuce, sannan ya shiga kwale-kwalen ya ce a kai shi gari.

Suna tsakiyar ruwa ya shafa katakon ya ce, "Yaya Aliyar, wannan ai na masu hali ne."

Aliyar ya ce, "Surukina ne ya mutu ya bar mini. Shekara ashirin yana zagina, ashe tanadi yake yi mini."

"Yaushe ya mutu?"

"Daminar da aka kama ka."

"Kafin a kama ni ko bayan?"

Aliyar ya zare gora daga ruwa ya ajiye ta a kan gwiwa, kwale-kwale ya riƙa juyawa da kansa. Ya ce, "Kwamared, in tambaya ce ka yi ta a miƙe. Ni na ɗauko ka ƙarƙashin ɓawo, na wuce da kai gaban 'yan sanda biyu ina yi musu waƙa. Da rupi ɗari biyar nake so, ai a nan ya fi sauƙi, ba sai na sha wahalar tuƙi ba."

Nanukuttan ya yi dariya ya ce wasa yake yi. Amma mako na zagayowa ya tafi garin surukin da sunan taron ƙungiya, ya tambayi mutum uku daban-daban, har ya sa aka nuna masa kabarin. Maganar Aliyar gaskiya ce. Duk da haka ransa bai kwanta ba, don mutum yana iya cin gado kuma ya ci lada. Bayan shekara biyu kwalara ta ɗauke Aliyar. Nanukuttan ya je jana'iza, ya tsaya a bayan masallaci, yana jin haushin an tafi da amsa ƙarƙashin ƙasa.

Kamalakshi kuwa aurenta ya yi, a ofishin jam'iyya, da shayi da ayaba. Ko don ƙauna ne ko don ya ajiye ta inda zai riƙa ganinta, shi kansa bai taɓa rarrabewa ba. Ta haifa masa 'ya'ya mata biyu, babbar sunanta Lila. Bai taɓa tambayarta komai game da ranar ba, ita ma ba ta taɓa tayar da zancen ba, shirun nata kuma yakan dame shi.

Siyasa ta karɓe shi. Ya tsaya zaɓe ya ci, ya sake tsayawa ya sake ci. A majalisa ya yi faɗa kan albashin masu igiya, ya yi faɗa har aka bar wa 'yan haya filin da bukkarsu take a kai. Mutanen Mankari suna son sa, suna kuma tsoronsa. In zai kira taron sirri, sai ya gaya wa mutum uku lokaci uku daban, ya zauna ya ga wanne ne zai fita. Ba ya komawa gida ta hanyar da ya fito. In aka kawo masa shayi a gidan da bai sani ba, sai ya ce cikinsa na ciwo. Matasan jam'iyya sukan ce mataccen kunnensa ya fi mai ran ji, don da shi yake jin abin da ba a faɗa ba.

Malam Sadanandan yana nan a kwamitin gunduma, shi ke rubuta takardun jam'iyya, don babu mai alƙalaminsa. Mutum ne mai farin zane kullum a goge, mai magana a hankali. Duk abin da ya yi, Nanukuttan sai ya samo masa fassara. In ya goyi bayansa, yana neman rufe laifi ne. In ya saɓa masa, halinsa ne ya fito. In ya yi shiru, yana tattara abin da zai kai wani wuri.

Shekarar da jam'iyya ta rabu biyu, aka yi taro a ɗakin karatu na Mankari don a san ɓangaren da reshen zai bi. Nanukuttan yana ɗaya ɓangaren, Malam yana ɗaya. Malam ya miƙe ya yi bayani na kusan awa guda, da hujja da kwanan wata, har aka ga kawuna sun fara gyaɗawa. Nanukuttan ya ga taron yana neman kuɓuce masa. Ya tashi, ya juya kunnensa na dama wajen jama'a, ya ce, "Ni ban iya dogon Turanci ba. Tambaya ɗaya gare ni. A cikinmu nan wa aka taɓa ɗaurewa?"

Hannuwa suka tashi, sun fi ashirin.

"To wa ya riƙa ɗaukar wasiƙun jam'iyya shekara uku, ya san kowane rumbu da kowane rami, amma ko marin ɗan sanda bai taɓa sha ba, sai ma ƙarin girma? Ban kira sunan kowa ba."

Malam ya cire tabaransa ya ce, "Nanu, ka san abin da kake faɗa kuwa?"

"Na ce ban kira sunan kowa ba, Malam. Me ya tsone maka ido?"

Reshen ya bi Nanukuttan. Bayan kwana goma wasu samari suka tare Malam a kan gada yana dawowa daga makaranta, suka farfasa masa gwiwar hagu da itacen tuƙi. Wata huɗu ya yi a asibiti, ya fito da sanda yana jan ƙafa. Iyaye suka fara cire 'ya'yansu, masu makarantar suka sallame shi. Nanukuttan ya rantse bai aiki kowa ba, kuma gaskiya ne bai aika ba. Da ya faɗi haka a gida, Kamalakshi tana kankare kwakwa, ba ta ɗago ba ta ce, "Wanda ya kwance kare ai ba sai ya ce masa ciji ba."

Ya dube ta ya daɗe. A ransa ya ce, me ya sa take jin zafin abin haka?

Shekara biyar bayan nan aka kafa gwamnatin haɗin gwiwa, aka ba shi minista. Ya koma babban birni da zanensa guda uku da akwatin ƙarfe. A cikin abubuwan da gwamnatin ta yi har da kafa kwamitin da zai binciki azabar da aka yi wa fursunonin siyasa a zamanin haramci.

Wata ranar Talata da hantsi, sakatarensa ya shigo ya ce wani tsoho ya yi kwana uku yana zaman benci, ya ce shi tsohon sani ne. Da aka shigo da shi Nanukuttan bai gane fuskar ba, don ta zube, gashin baki ya yi fari. Muryar ya gane.

Mathan ya haɗa hannuwa ya ce, "Ranka ya daɗe, ka ga yadda duniya ta yi da ni."

Nanukuttan ya sallami sakatare, ya ce, "Zauna ta dama. Hagun ka san abin da ka yi masa."

Mathan ya zauna a bakin kujera. Ya ce kwamiti ya aiko masa da sammaci, ga ciwon sukari, ga 'ya'ya mata uku ba a aurar ba, in aka ɗaure shi gawarsa za a fitar. Ya ce shi bawan umarni ne, abin da aka sa shi ya yi. Sannan ya rage murya ya ce, "Amma ban zo hannu wofi ba. Akwai abin da na san kana so ka sani."

Zuciyar Nanukuttan ta buga har ya ji ta a mataccen kunnen. Ya kunna bidi, 'yar tabar da ake naɗewa da ganye. Ya ce, "Ina jin ka."

"In na faɗa, za a cire sunana?"

"Faɗi tukuna."

Mathan ya dubi ƙofa, ya dubi fuskar minista, ya ce, "Malamin nan ne. Sadanandan."

Shekara ashirin Nanukuttan yana jiran wannan kalma. Ya ji wani sanyi ya sauko masa tun daga wuya, kamar wanda ya sauke buhu. Ya ce, "Ba ni labarin yadda aka yi. Kada ka tsallake komai."

Mathan ya ga kasuwa ta buɗe, ya gyara zama. Ya ce da safe ne, ana yayyafi, yana shan shayi a ofis. "Sai na ji ƙwas, ƙwas, ƙarar sanda a baranda. Ya shigo yana jan ƙafar nan tasa ta hagu, ya ce Sufeto, in ba ka wanda kake nema, me zan samu? Kamar yau nake ganinsa."

Nanukuttan ya bar bidin yana ci a tsakanin yatsunsa. Ya ce, "Yana jan ƙafa."

"Ta hagu, ranka ya daɗe. Da sandarsa mai kan azurfa."

"A shekarar da kuka kama ni."

"A ranar ma."

Nanukuttan ya ce, "A shekarar nan Malam shi ne mai tsaron gida a ƙungiyar ƙwallon Mankari. Ƙafarsa shekara biyar ke nan da karyewa, kuma na san wanda ya jawo."

Mathan ya ce tsufa ne, ƙila ya haɗa hoto biyu, amma mutumin dai shi ne.

"Ƙarya kake yi. Ka tambaya a gari wa minista yake zargi, aka nuna maka gurgu a bakin hanya, ka zo ka sayar mini da abin da nake da shi. Wa ya nuna rumbun?"

Tsohon ya fashe da kuka. Ya ce wallahi bai sani ba. Takarda ce ta zo daga sama, an rubuta gida kaza, saman ɗakin girki, babu suna babu sa hannu. Masu irin wannan aiki ba a nuna wa ƙaramin sufeto su. "In ka ce mai kwale-kwale ne, zan sa hannu. In ka ce wani ne, zan sa hannu. Ka faɗa mini wanda kake so kawai."

Nanukuttan ya kira sakatare ya ce a fitar da shi, sunansa kuma ya zauna inda yake a takardar kwamiti. Da ya rage shi kaɗai ya yi ta juya maganar. Ko zancen takardar ma gaskiya ne? Ko wani ne ya turo Mathan da ƙarya mai rami a tsakiya, don a wanke Malam? Wa zai amfana? Ya bi abokan hamayyarsa ɗaya bayan ɗaya, bai ga wanda zai yi wannan wahala saboda korarren malami ba. Abin da ya rage masa shi ne abin da ya fi ƙi: bai taɓa samun hujja a kan Malam ba, ko guda.

Ran Asabar ya tafi Mankari. Ya iske Kamalakshi tana shanya barkono a tsakar gida, ya ba ta labarin duka a tsaye. Ta saurara har ya gama, ta ce, "To yanzu saura ni da matacce."



Ta ce, "Shekara goma sha shida ina dafa maka abinci, kana jira in fara ci. Ka ɗauka ban lura ba? Tambaye ni mana, Baban Lila. Yau dai tambaye ni."

Ya buɗe baki, tambayar ta ƙi fita, musun ma ya ƙi fita. Ta kakkaɓe hannunta ta ce, "Ba za ka tambaya ba, don ko na ce a'a ba za ka yarda ba. Je ka wurin wanda ka karya wa ƙafa, shi ya fi ni buƙatar bakinka."

Malam Sadanandan yanzu a gindin bishiyar mangwaro yake zama, kusa da ofishin rajistar filaye, da ɗan tebur da kwalbar tawada, yana rubuta wa mutane takardun koke. Nanukuttan ya bar motar gwamnati a nesa ya tako da ƙafa. Malam ya gan shi tun daga nesa, bai tashi ba, ya ƙarasa wa wata tsohuwa takardarta, ya busa tawadar, sannan ya ce, "Minista da kansa. Koke za a rubuta? Rubu'in rupi ne shafi."

Nanukuttan ya zauna a bencin masu jira ya ce, "Malam, Mathan ya zo wurina."

Ya ba shi labari. Malam yana goge bakin alƙalami da tsumma har aka gama. Ya ce, "Zaɓe saura wata nawa?"

"Bakwai. Ba shi ya kawo ni ba."

"Ɓangarenmu yana da ƙuri'a dubu huɗu a mazaɓarka. Na iya lissafi, Nanu, shi nake koyarwa kafin ka taimake ni."

"Na ce ba shi ya kawo ni ba. Na zalunce ka, na zo in faɗa."

"Wato sai da maƙaryaci ya yi maka ƙarya sannan ka gane. Ni da na yi shekara goma sha biyar ina gaya maka gaskiya a kwamiti ban isa ba." Ya ajiye alƙalamin. "To tun da yau ranar faɗar abin da ke ciki ce, bari in ba ka nawa. Mutum bakwai aka kama bayanka. Ka tuna?"

"Na tuna."

"Aliyar bai san ko ɗaya daga cikinsu ba. Yarinyar nan ma haka. Ni na san huɗu, don huɗu nake kai wa wasiƙa. Mutum ɗaya ne a duniya ya san inda duka bakwai suke, kuma yana hannun Mathan a makon."

Nanukuttan ya ce, "Ban faɗi komai ba."

"Ka tabbata? An ce kwana uku ka yi kana sambatu cikin zazzaɓi."

Nanukuttan ya nemi kwanakin nan uku a kansa, kamar yadda ya sha nema, bai samu komai ba sai bango da fuskar uwarsa. Ya tuna ranar bakwai, ya tuna ta goma sha ɗaya. Tsakaninsu babu.

Ya ce, "Ban sani ba."

Malam ya ce, "Ni ma ban sani ba. Shi ya sa ban taɓa miƙewa a ɗakin karatu na tambayi jama'a ba. Na riƙe abina a ciki shekara ashirin, ina kallonka kana hawa, ina cewa wataƙila, wataƙila kuma ba haka ba. Bambancina da kai ke nan." Ya ɗaga hannu ya kira na gaba a layi. "Matsa, Minista, kana tare wa mutane hanya."

Bayan mako biyu aka yi babban gangamin masu igiya a filin Mankari. Shugabannin jam'iyya na gunduma suna kan dandamali. Tun da safe Nanukuttan ya gaya wa sakataren gunduma abin da zai faɗa, sakataren ya kama hannunsa ya ce, "Kwamared, kada ka yi. Za ka ba abokan gaba wuƙa ana saura wata shida. In ma gaskiya ne, bari sai bayan zaɓe." Nanukuttan ya dube shi, ya ji tsohon halin ya motsa, yana tambayar kansa me wannan yake ɓoyewa. Ya danne.

Da aka ba shi lasifika ya yi maganar albashi, aka yi tafi. Sannan ya ce, "Shekara biyar da suka wuce na yi wata tambaya a ɗakin karatu, na ce ban kira suna ba. Ƙarya na yi, kowa ya san sunan da na kira. Ba ni da hujja a kan Malam Sadanandan a ranar, yau ma ba ni da ita. Ban san wanda ya nuna inda nake ba. Mutum bakwai da aka kama bayana, ban san ko daga bakina aka ji sunayensu ba, don akwai kwana uku da ba na tunawa. Abin da na sani ke nan."

Ba a yi tafi ba, ba a yi ihu ba. Mutane suka riƙa duban juna. Kafin rana ta faɗi fassara ta cika shagunan shayi. Wasu suka ce dabara ce ta jawo ƙuri'un ɗaya ɓangaren. Wasu suka ce Mathan ne yake riƙe da wata takarda a kansa, shi ya sa ministan ya riga shi fasa ƙwan. Wasu suka ce Malam ya yi masa asiri. Wanda ya ce ƙila mutumin gaskiya kawai ya faɗa, dariya aka yi masa.

Jam'iyya ta kira shi ta tuhume shi da yin magana ba da izini ba. Ba a kore shi ba, saboda tsofaffin masu igiya ba za su yarda ba, amma da zaɓe ya zo aka ba wani saurayi lauya takara. Ɗan ɗaya daga cikin mutum bakwai ɗin, wanda ubansa ya mutu a kurkuku, ya zo har gida ya tofa yawu a ƙofa. Nanukuttan yana zaune a baranda yana kallonsa.

Malam bai je gangamin ba, bai kuma aiko da ko kalma ba. Makarantar ba ta mayar da shi ba, don an daɗe da ba wani kujerar. Abin da ya canja kawai, mutane sun koma gaishe shi a hanya, masu kawo koke kuma sun ƙaru.

Nanukuttan ya yi sauran shekarunsa tara a Mankari, yana sasanta rigimar masu igiya da masu masaƙa in an kira shi. Kamalakshi ta ci gaba da zama da shi, sai dai ta koma cin abincinta a ɗakin girki ita kaɗai. Da la'asar yakan je shagon shayi na bakin gada, Malam ma yakan zo in ya tashi daga aiki. Benci biyu ne a shagon, kowa da nasa. Jarida ɗaya ce, in wannan ya gama sai ya ajiye a tsakiya, wancan ya miƙa hannu ya ɗauka. Wani lokaci sukan yi musu kan labarin da ke ciki, da zafi, har mai shago ya ce su rage murya. Zancen rumbu da na mutum bakwai kuwa ba wanda ya sake tayarwa.

Ya rasu a damina, yana da shekara sittin da takwas. Aka lulluɓe shi da jar tuta, shugabanni suka zo daga birni suka yi jawabai masu tsawo. Da aka zo rubuta tarihinsa a jaridar jam'iyya, aka rasa wanda ya san kwanakin wata da sunayen wurare, sai aka aika wa Malam. Ya rubuta shafi uku, ya kawo yajin aiki biyun, da kurkuku, da dokar filaye, duk daidai. Da ya iso kan kamun sai ya rubuta cewa an kama shi a Mankari ranar kaza da tsakar rana, ya sa aya, ya wuce zuwa shari'a.